Motocin da Ba a Ƙirga Ba

Shekara ashirin da biyu Vernon Tackett ya yi a ɗan ɗakin katakon da ke bakin ƙofar Gandun Tafkin Cobb yana yankan tikiti. Gandun wurin shaƙatawa ne na gwamnatin jiha, kuma doka ta ce kowace mota dala biyar ce. Baƙi masu zuwa daga nesa da kwale-kwale ɗaure a bayan mota, biya suke yi ba musu. Amma in motar 'yan garin Millard ce, Vernon ko tashi daga kujera ba ya yi. Ɗaga ƙarfen tare hanya kawai yake, a wuce.

Ya fara hakan ne a shekarar da aka rufe masana'antar katako, rabin magidantan garin suka wayi gari ba aiki. Ransa bai ba shi ya karɓi kuɗi a hannun mutumin da ya zo kama kifin da iyalinsa za su ci ba. Daga baya aiki ya dawo wa mutane da yawa, shi kuwa bai koma yanka musu tikiti ba. Gaskiyar magana, ya ji daɗin abin. A shagon Loretta Biggs, inda ake sayar da kofi da tsutsar ƙugiya, ba a taɓa barinsa ya biya ba. Duk inda ya gilma sai ka ji "Vern, Vern."

Wata Talata cikin Afrilu, shugabarsa Corinne Hale ta zo da kanta daga babban birnin jiha. Ba ta zauna ba.

"Vern, ba alheri ne ya kawo ni ba," ta ce. "Majalisa ta zaftare mana kasafi. Gandu goma sha huɗu za a rufe, naka na ciki."

"Nawa? Corinne, ranar Asabar ko wurin ajiye mota ba a samu a bakin tafkin nan."

"Haka na gani da na zo bara. Amma ba da ido aka zaɓa ba, da tikiti ne. Duk gandun da bai kai mota dubu shida a shekara ba ya faɗa. Kai dubu huɗu da ɗari biyu ka aiko." Ta tsaya tana kallonsa. "Akwai abin da ban sani ba? Daga nan zuwa Juma'a ana iya gyara jerin."

Vernon ya san in an ƙirga gaskiya, motocin sun haura dubu goma. Ya kuma san makomar ma'aikacin da aka gano ya yi shekara ashirin yana yafe kuɗin gwamnati da bakinsa. Saura shekara uku ya ajiye aiki da cikakken fansho. Ya sunkuya yana gyara takardun da ke kan tebur, waɗanda dama a gyare suke.

"Babu," ya ce. "Abin da na aiko ke nan."

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Ranar Juma'a sau biyu yana ɗaga waya yana ajiyewa, har ofisoshi suka tashi.

Ranar da za a rufe, kusan garin duka ya taru a ƙofa. Mata suka kawo kek ɗin tuffa da soyayyun kaji, kamar gidan makoki. Ana ta tsine wa mutanen birni da ba su taɓa taka ciyawa ba. Loretta ta rungume shi, ta ce, "Kai suka fi cuta, Vern. Rayuwarka duka ka ba wurin nan." Ya kasa haɗa ido da ita. Da hannunsa ya zagaya sarƙa, ya danna kwaɗo, ya kafa allon da ke hana shiga. Kek ɗin da aka cika masa mota da shi ya yi kwana shida a kicin bai taɓa ba, daga ƙarshe ya zubar.

Aka mayar da shi wani gandu mai nisan mil sittin, aka ce duk Asabar ya leƙo Cobb ya duba ko an yi ɓarna.

Daga ƙofa zuwa bakin ruwa mil biyu da rabi ne, da tudu biyu a tsakani. Matasa ba su damu ba, tsallake sarƙar suke yi su taka. Sauran ne suka rasa wurin. Cocin garin ya daina cin abincin bazara da ya saba yi a ƙarƙashin itatuwan bakin tafki. Masu kwale-kwale suka koma wani tafki na kamfani inda ake biyan dala talatin. Loretta ta daina sayar da tsutsa, ta sallami matar da ke taya ta. Ciyawa ta fara cin titin, shara ta taru a inda babu mai kwashewa. Duk Asabar Vernon ya zagaya ya ga wannan, ya rubuta a takarda cewa komai lafiya.

Wata Asabar cikin Agusta da hantsi ya tarar da tsohuwar motar Alvin Rusk a ƙofa, ba kowa a ciki. Mista Rusk ya haura tamanin. Shi ya koyar da Vernon lissafi a makarantar sakandare. Matarsa Opal mantuwar tsufa ta kama ta shekaru huɗu da suka wuce, ba ta gane kowa, wani lokaci har shi. Kafin a rufe gandun, kullum da safe yakan kai ta wani benci a bakin ruwa, don nan ne kaɗai take daina kuka da neman hanyar gidan iyayenta.

Vernon ya buɗe kwaɗon ya shiga da a-kori-kurar gwamnati. A tsakiyar tudun farko ya same su. Tsohon ya tura Opal a keken guragu har ƙarfinsa ya ƙare, ya tokare tayar da dutse, ya zauna a gefen titi yana haki. Rigarsa sharkaf da gumi. Opal na cikin keken tana ta jan bargon da ke cinyarta.

"Mista Rusk, me ya kai ka? A zafin nan?"

"In tara za ka ci ni, ci," tsohon ya ce. "Kwana uku ba ta yi barci ba. Na ce ko da hango ruwan ne."

"Ta ina kuka shigo da keken?"

"Ta ƙarƙashin sarƙa. Na kwantar da ita a ciyawa, na tura keken, na jawo ta."

Vernon ya ɗauki Opal cak, ba ta da nauyi ko kaɗan, ya sa ta a gaba, ya taimaki tsohon ya hau, ya jefa keken a baya. A bakin tafki ya share kashin tsuntsaye daga bencin da hularsa. Da aka zaunar da ita ta dubi ruwan, hannunta ya saki bargon. Can ta ce, "Alvin, agwagin sun dawo." Tsohon ya juya fuska gefe. An fi wata biyu ba ta kira sunansa ba.

Suka koma inuwa, su biyu, suna kallonta daga nesa kaɗan.

"Mista Rusk, ni ne," Vernon ya ce.

"Kai ne me?"

"Ni na sa aka rufe. Da tikiti suka zaɓa, ni kuma ban taɓa yanka wa 'yan gari ba. A takarda wurin nan kango ne."

Tsohon ya ce, "To ai mu ma muna ciki. Shekara ashirin ina wucewa, dala biyar ɗina a aljihu. Babu wanda ya ce maka kar ka yi."

"Ba shi ke nan ba. Shugabata ta tambaye ni. Ta ce in akwai abin da ba ta sani ba in faɗa, za a iya gyarawa. Kwana uku ta ba ni."

"Ka ce mata me?"

"Na ce babu. Fanshona na tuna."

Mista Rusk ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Na farkon kirki ne da wauta, ana iya yafe shi," ya ce. "Na biyun kuwa, Vernon, ka tsaya a ƙofar nan muna ba ka haƙuri. Ni har hannu na ba ka."

"Na sani, yallabai."

"To me kake so in yi maka da ka faɗa mini? Ni ba ni da mabuɗin komai. Wadda ta tambaye ka tana nan da ranta."

Da rana ta take ya mayar da su ƙofa. Opal ta yi barci a hanya. Tsohon bai yi masa godiya ba, Vernon kuma bai sa ran hakan ba.

Litinin da safe ya tuƙa har babban birni, ya zauna gaban Corinne ya zayyane mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta dafe goshi.

"Na yi zargi," ta ce. "Shi ya sa na zo da kaina ban kira a waya ba. Da ka faɗa a Afrilu, takardar gargaɗi za ka samu, gandun kuma ya tsira. Yanzu an sa hannu, an raba ma'aikata, an sayar da motar yankan ciyawa. Kuma dole in kai maganarka sama."

"Kai ta. Gandun fa?"

"Za a sake duba jerin baɗi. In kana da shaidar cewa mutane na zuwa, zan haɗa. Ban yi maka alkawarin komai ba."

Cikin wata guda aka sa shi ajiye aiki, fanshon ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Aka karɓi mabuɗin kwaɗon aka ba wani ɗan kwangila da bai san kowa a Millard ba. Sau uku kacal Vernon ya samu ya sake kai Opal bakin ruwa kafin nan. A watan Nuwamba Mista Rusk ya kasa ci gaba da kula da ita, ya kai ta gidan kula da tsofaffi a wani gari.

Labari ya bazu. Wasu suka ce ai su ma da laifinsu, wasu suka daina amsa gaisuwarsa. Ya yi mako biyu kafin ya iya shiga shagon Loretta. Ta zuba masa kofi, ta ajiye da ƙarfi har ya fantsama.

"Dala biyu," ta ce.

Ya biya. Sannan ya ciro wasu takardu daga jaka. "Gida gida nake son bi. Kowa ya rubuta sau nawa yake zuwa tafki a shekara, ya sa hannu. Ni kaɗai ba za su buɗe mini ƙofa ba."

"Kuma ka ga ni ce zan rufa maka baya? Ka san Darlene da na sallama 'ya'ya uku gare ta?"

"Na sani."

Ta ɗauki takarda ɗaya ta karanta har ƙasa, ta jawo biro daga bayan kunne ta rubuta nata adadin. "Ba don kai ba," ta ce. "Lahadi bayan coci. Kuma ni zan yi magana, kai ka riƙe jaka."

Haka suka yi duk lokacin sanyi, ita a gaba, shi a baya. Suka tara sa hannu ɗari shida da 'yan kai. A gidan Mista Rusk, tsohon ya cika takardar a tsaye a bakin ƙofa, da rubutunsa mai kyau na malamin makaranta. Ya rubuta mutum biyu, kwana ɗari uku a shekara. Bai ce su shigo ba.

Da bazara ta zagayo, majalisa ta ɗage duba jerin zuwa wata shekara. Corinne ta aiko da ɗan gajeren saƙo cewa takardun na cikin fayil. Vernon ya karanta shi a tsaye a gidan waya, ya ninke ya sa a aljihu, ya nufi shagon Loretta don ta ji daga bakinsa.