Benci na Huɗu

Tunda aka yanke mini ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, kowa a gidanmu ya koma rago. A hawa na uku muke zaune, kuma duk wanda ya rako ni kan matakala, da mun kai hawa na biyu sai gajiya ta kama shi. Yayana, mai buga ƙwallo duk yammacin Asabar, sai ya dafa bango yana haki. Umma takalmi ne ke matse ta. Baba kuwa, da yake shi ke tuƙi ranar da motar ta kife da mu, ya fi kowa iya wasan. Sai ya riƙe ƙugu ya ce, "Injiniya, ji tausayin tsoho, mu ɗan tsaya."

Ba wanda ya taɓa ce mini in huta, don sun san halina. Shekara biyar na yi a jami'a ina karatun aikin safiyo, na auna filaye da tuddai a ƙafa cikin maza, kuma ranar da likita ya turo mini keken guragu na ce ya ajiye wa mai buƙata. Shi ya sa suka ƙirƙiro dabarar gajiya a madadina. Tun makon farko na gane. Na ƙyale su, amma duk tsayuwar da aka yi ji nake kamar an mare ni.

Wata takwas da sa mini ƙafar roba na ce ina so mu je magangarar ruwan nan ta kan dutse, inda Baba ke kai mu muna yara. Umma ta kalli Baba, Baba ya kalli Yaya.

"Ai kusa ne," in ji Yaya. "Ko kaka za ta iya."

A bakin hanyar akwai allo: kilomita ɗaya da rabi, tafiya mai sauƙi, yara da tsofaffi na iya zuwa, akwai benci shida na hutawa. Na duba agogona, na juyo na fuskance su.

"Yau ba wanda zai gaji. Duk mai jin gajiya ya zauna a mota tun yanzu."

"Ka ji soja," in ji Baba yana dariya. "Mu dai masu biyayya ne, ranki ya daɗe."

Hanyar ta fara da tsakuwa, sannan ta shiga cikin itatuwa tana hawa. Mai ƙafa biyu ba zai kira shi hawa ba. Ni kuwa kowane taku sai na ɗaga ƙugu na jefa robar gaba, na jira ta zauna, sannan na ɗora mata nauyi. Kafin benci na farko safar da ke kan dungun ta jiƙe da gumi. A nan tsakuwa ta shiga takalmin Umma. Ta zauna tana kakkaɓewa, tana kallona ta gefen ido. Ban zauna ba. A benci na biyu Yaya ya ga wani tsuntsu da sai ya ɗauke shi hoto, ya kuma ɓata minti shida yana neman tsuntsun.

"Ya tashi da wayarka ne?" na tambaye shi.

"Ke ba ki san darajar halitta ba."

Benci na uku na wuce shi ban ko kalle shi ba. Wata mata da goyo ta wuce mu, ta ce mini sannu da irin muryar da ake yi wa mai jinya. Na ƙara sauri. A lokacin fatar dungun ta riga ta saluɓe, ina jin zafin yana tashi har cikin haƙorana, amma na fara jiyo ƙarar ruwan daga nesa.

Da muka kai benci na huɗu Baba ya zauna da ƙarfi. Gorar ruwan da ke hannunsa na dama ta faɗi ta gangara cikin ciyawa.

"Injiniya," ya ce, harshensa ya yi nauyi. "Kaina ne. Mu tsaya."

Umma ta danne murmushi. Yaya ya juya baya yana sosa ƙeya. Na ga duka, kuma abin da na tara wata takwas ya fito.

"Baba, har da yar da gora yau? Ashe an ƙaro sabon salo. Ƙafa aka yanke mini, ba a cire mini hankali ba. Na san abin da kuke yi a matakala tun ranar farko. Ban gaji ba, kuma ko na gaji ba na so a ara mini ƙugun wani. Ka zauna ka gama wasanka."

Ya buɗe baki, ya ɗaga hannun hagu kaɗan. Ban jira ba. Na ji Umma a bayana tana cewa, "Malam, ta gano mu. Zauna ka sha iska, bari mu bi ta, duwatsun gaba da santsi." Ita da Yaya suka biyo ni, kowa hannunsa a shirye don ya tare ni.

Na kai. Ruwan na zubowa daga sama fari fat, feshinsa na jiƙa fuska. Na taka duwatsu masu santsin ban kama kowa ba, na sa tafin hannuna a cikin ruwan har ya yi sanyi ƙalau. Yaya ya ɗauke ni hoto. Na zauna kan dutse, da izinin kaina, na cire robar na canza safar da ta yi jini. Umma ta kau da kai.

"Babanku dai yau ya zarce," ta ce. "Ni kaina na kusa yarda."

Muka yi dariya, har da ni.

Da muka dawo yana nan kan bencin, ya karkace gefe, kansa jingine da itace. Bakinsa ya ja gefe guda, miyau ya jiƙa masa wuyan riga. Idonsa a buɗe yake, yana kallon hanyar da muka bi. Mutane da yawa sun wuce shi, sun ɗauka tsoho ne ke gyangyaɗi. Umma ta ce, "Malam, ya isa haka," ta taɓa kafaɗarsa, sai hannunsa ya zame ya faɗi kamar ba nasa ba.

Yaya ya goya shi. Na ɗauki takalmansa da gorar, na bi su a baya. Gangara ta fi hawa wuya ga mai roba, sau biyu na faɗi, ba kuma wanda ya waiwayo. Ban taɓa tsammanin ranar da za su daina kula da tafiyata haka za ta zo ba.

A asibiti likita ya tambayi ƙarfe nawa abin ya fara. Umma da Yaya suka kalli juna. Ni na sani, don ina auna tafiyata da agogo.

"Sha ɗaya da minti ashirin."

Ya dubi agogon bango, ya dube ni. "Kina wurin?"

"Ina wurin."

Ya rubuta. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma a irin wannan ciwo kowane minti na da muhimmanci.

Gwaggo, yayar Baba, ta zo dubiya ta ce a gaban kowa taurin kaina ya kayar da ƙaninta. Na ce mata na ji. Ban yi kuka a gabanta ba, ban kuma ce mu huɗu muka gina ƙaryar ba, ko da yake haka ne. Hoton da Yaya ya ɗauka yana nan a wayata, ban goge ba. Na kai wurin da ƙafata.

Yanzu Baba ba ya sauka ƙasa. Barandar gidanmu mita goma sha ɗaya ce, na auna. Kullum da safe kafin in tafi ofis nakan sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa ta dama, mu tafi daga ƙofar kicin zuwa tukunyar furanni mu dawo, shi yana jan ƙafarsa, ni ina jefa tawa. Jiya a mita na bakwai na ji jikinsa na rawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na san ba zai ce a tsaya ba.

"Baba, robar nan na cizona," na ce. "Mu ɗan tsaya."

Ya juyo da ɓarin fuskar da ke motsi, ya daɗe yana kallona. Kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar.

"Injiniya. Ba ki iya ba."

Ya ja ƙafar gaba. Na gyara kafaɗata na bi shi.