Gurbin Gaskiya a Katin Sailuba

Da wane mudu ake auna gaskiyar yarinya 'yar shekara goma sha biyu? Kwana uku Malam Nasidi yana jujjuya wannan tambaya, bai samo amsa ba. Mai ba da labarin ma bai samo ba.

A shekarar 1987 aka kawo wa makarantarsu ta firamare da ke kusa da Ƙofar Kuyambana sabon katin sakamako. Bayan lissafi da Turanci, an ƙara shafin hali: tsafta, ladabi, zuwa da wuri, gaskiya. Kowane gurbi malami zai ba da maki daga ɗaya zuwa biyar. Sauran malamai ba su wahalar da kansu ba. Uku-uku suka jera wa kowa, 'yan aji shida masu neman sakandare kuma huɗu-huɗu, suka tafi cin abinci.

Malam Nasidi ya cike katin kowa a ajinsa, ban da na Sailuba. Gurbin gaskiya ya bari fayau.

Dalili kuwa, a zangon da ya wuce randar ajin ta fashe. Ta taga ya ga Barira ce ta ture ta, Barirar da mariƙiyarta ta rantse in aka sake kai ƙararta gida za ta mayar da ita ƙauye. Kafin ya shigo Sailuba ta miƙe ta ce ita ce. Mai horo ya tsula mata bulala shida, ko uffan ba ta ce ba. Shi ma Malam Nasidi bai ce uffan ba.

Ranar Laraba hedimasta, Malam Lado, ya shigo da katin a hannu yana huci.

"Malam Nasidi, wai hisabi aka ba ka ko cike takarda? Gobe da safe za a kai fayil ɗin yaran nan makarantar kwana ta 'yan mata. Katin da ke da gurbin da ba a cike ba dawo da shi za su yi. Wanda gaskiyarsa ta gaza huɗu ma ba sa dubawa."

"Ranka ya daɗe, in na sa biyar na yi ƙarya, don ƙarya ta yi. In na sa ɗaya na zalunce ta."

"To sa huɗu mana!"

"Huɗun me? Ina gurbin wanda ya kai bayansa aka daka saboda wani?"

"Ni na buga katin? Ikon Allah! Kowa ya gama, sai kai Alƙalin Alƙalai. To ka sani, in ta rasa makaranta, kai za ka je Tudun Jukun ka yi wa ubanta wannan wa'azin."

Ya dangwarar da katin a tebur ya fice.

Da aka tashi, Malam Nasidi ya tsayar da Sailuba. Ta durƙusa gefe, kanta a sunkuye.

"Wa ya fasa randa?"

"Ni ce, Malam."

"Ke, ina tsaye a taga fa!"

Ta shiga murza bakin ɗankwalinta. Can ta ce, "To Malam, ai ka riga ka sani."

"In aka sake, za ki sake?"

"Eh, Malam."

Ya yi tsaki mai tsawo. Ga shi dai yanzu ta faɗi gaskiya tsirararta, kuma a kan ƙarya ta faɗe ta. Ya dubi katin, ya dubi yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajin, ya tuna hanyar Tudun Jukun.

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta fita. Ya cire murfin biro da haƙori, ya rubuta biyar a gaban gaskiya, ya danna har takardar ta kusa hujewa. Sannan ya ɗauki katin ya nufi ofishin Malam Lado yana gunaguni.