Baƙon Baranda

"Ku bar wannan kujerar," in ji Malama, ta dafe ta da hannu biyu. "Ita ce za ta fita a ƙarshe."

Mai ɗaukar kayan ya dubi kujerar roba mai karyayyen hannu, ya taɓe baki, ya wuce ya sunkuci katifa. Tun safe suke hawa da sauka a matakalar benen. An kwashe gado, an kwashe kwalayen littattafanta na koyarwa, an kwashe akwatin kayan aikin marigayi mijinta, mai gyaran rediyo, wanda har yanzu yake warin dalma. Ɗakunan sun zama wayam, ko tari ka yi sai bango ya amsa maka.

Auta, 'yarta tilo, ta fito daga kicin da tsintsiya a hannu.

"Mama, don Allah kada mu sake wannan maganar. Direban babbar mota ya ce in rana ta yi zai tafi. Hanya da nisa."

"Na ji. Ba zan tafi ban da Baƙo ba."

Auta ta yi ajiyar zuciya. Ita ce ta dage a kan tashin, tun ranar da Malama ta yanke jiki ta faɗi a matakala, maƙwabta suka tsince ta. Ba ta yi laifi ba, kuma Malama ta san haka. Amma sanin bai rage mata komai ba.

Baƙo aku ne, mai launin toka da jar wutsiya. Bara ya faɗo musu a baranda, guntun sarƙa na reto a ƙafarsa, ƙirjinsa a fige kamar kazar da aka fara gyarawa aka fasa. Ba wanda ya zo cigiyarsa. Magana ɗaya ya iya a lokacin, da wata murya mai kauri ta wani ƙato da ba su taɓa gani ba: "Rufe mana baki, ɗan banza!" Da ka matso, da ka ɗaga hannu, sai ya zabura ya kwaɗa maka ita.

"Kin ji gidan da ya fito," in ji marigayi a ranar, yana dariya har tari ya sarƙe shi. "Allah sarki. Abin da ake gaya masa kenan kullum."

Lokacin ciwon ƙirji ya riga ya raba shi da shago. Mutumin da bai iya zaman banza ba sai ya sami aiki. Kullum da hantsi zai ja kujerar nan baranda, ya zauna a karkace, ya miƙa hannu a kan ƙarfen baranda da 'yar gyaɗa a tafin, ya kau da kai kamar ba ruwansa. Malama ta sha yi masa tsiya.

"Baban Auta, kai da ko kyanwa ba ka so, yau tsuntsu kake zawarci?"

"Ki bar ni da baƙona. Ba a kallonsa ido cikin ido, ba a kai masa hannu. Hannu a buɗe kawai, Malama. Shi hannun mutum bai taɓa zuwa masa da alheri ba."

Aka daɗe ana haka. Tsuntsun ya fara cin gyaɗar in an bar ta, ya koma fizga ya gudu, har ranar da ya tako ya hau yatsan marigayi ya tsaya aka kwance masa sarƙar. Ranar marigayi ya yi ta kiranta ƙasa-ƙasa don kada ya firgita shi: "Malama, zo ki gani. Malama, zo ki gani." Gashin ƙirjin ya tsiro. Zagin ya ɓace, ba a ƙara jinsa ba. Baƙo bai taɓa shiga keji ba; yana kwana a bishiyar da ke bayan benen, ya zo da hantsi.

Bayan rasuwa, wata safiya tana wanke kofi ɗaya maimakon biyu, sai ta ji tarin nan daga baranda, busasshe, sau biyu a jere. Sannan muryar, sak, har da 'yar shaƙewar da ke ƙarshenta: "Malama, zo ki gani." Kofin ya suɓuce ya fashe. Ta zauna a ƙasan kicin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi.

Tun daga nan abin da take tashi dominsa kenan. Ba ta da muryarsa a waya, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara muryoyin wasu bai bar tasa a ko'ina ba, sai a maƙogwaron tsuntsu. Amma Baƙo bai yarda da ita ba. Sai ta ajiye gyaɗar ta koma ciki yake sauka. Ta gwada zaman kujerar, ta gwada miƙa hannun, iyakarsa ya tsaya a ƙarshen ƙarfen ya karkata kai yana aunata.

Mijin Auta ya hawo yana haki, riƙe da sabon keji.

"Mama, ga shi na samo. In ya sauka, tawul kawai zan jefa masa, shi kenan."

"Ba za ka jefa masa komai ba."

"To ya za a yi? Matar da za ta shigo gidan bayanki ta ce rufe barandar za ta yi da gilashi, saboda yaranta. Ko kin bar shi, ba shi da wurin sauka."

Wannan maganar ta soke ta. Ta karɓi kejin ta ajiye a bayan ƙofa, ta ce su koma ciki, kada wanda ya yi motsi. Ta buɗe jakarta ta ciro tsohuwar rigar sanyin marigayi, ruwan ƙasa, wadda ta hana a wanke, ta zura ta a kan kayanta duk da zafin da ake yi. Ta zauna a karkace. Ta miƙa hannu, gyaɗa a tafi, ta kau da kai tana kallon tankin ruwan maƙwabta.

Hannun ya yi tsami. Gumi ya bi bayanta. A ƙasa direba ya danna hon, ta ji Auta ta leƙa taga tana ba shi haƙuri.

Sai ga fiffike. Ƙarfen ya ɗan girgiza. Ta ji takun farce, kas, kas, ya tsaya, ya sake matsowa. Ba ta juyo ba, ko numfashi da ƙyar take yi. Can sai ta ji nauyi a yatsanta, ɗan nauyi mai ɗumi, faratan sun riƙe ta a hankali. Wayyo, ashe haka abin yake. Ashe abin da yake kiranta ta gani kenan.

Baƙo ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya fasa. Ya goga bakinsa a hannun rigar. Ya yi tari sau biyu.

"Malama, zo ki gani."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su. A zuciyarta ta ce, na gani, Baban Auta, wallahi na gani.

Hon ya sake tashi, dogo wannan karon. Tsuntsun ya ɗaga kai, ya ɗan buɗe fiffike, ta ji faratan sun fara sakinta. Yanzu zai tashi, kuma gobe gilashi zai tarar. Ba ta san sanda ɗaya hannun ya zo ba. Ta dai ji ta damƙe shi, ta matse fiffiken a jikinsa.

Ƙarar da ya yi ba ta mutum ba ce. Ya kafa mata baki a babban yatsa har jini ya ɓalle, zuciyarsa na bugawa a tafinta kamar za ta fito. Mijin Auta ya rugo da kejin, aka tura shi ciki, aka rufe.

"Alhamdu lillahi!" in ji Auta. "Kin ga an samu. Kawo hannun in ɗaure miki, Mama."

Aka sauko da kujerar a ƙarshe, kamar yadda ta ce. Ta zauna a bayan motar surukinta, kejin a cinyarta, suna bin babbar motar. Baƙo ya maƙure a lungun kejin, gashinsa a tashe, ya juya mata baya. Suka wuce kasuwa, suka wuce tsohon shagon marigayi da yanzu ake sayar da wayoyi a ciki, tsuntsun bai juyo ba.

"Zai saba," in ji Auta daga gaba. "Kwana kaɗan ne."

Malama ta laluba aljihun rigar sanyin ta sami ragowar gyaɗa. Ta zuba a tafinta, ta buɗe hannun sosai, ta kai shi jikin wayar kejin a hankali, ta kau da kai tana kallon titi.

Tsuntsun ya zabura ya bugi rufin kejin. Ya buɗe baki, muryar nan mai kauri ta cika motar.

"Rufe mana baki, ɗan banza!"

Mijin Auta ya kwashe da dariya. "Kai! Wa ya koya masa wannan kuma?"

Malama ta janye hannunta, ta mayar da gyaɗar aljihu.