Naman da Abdulghani Ya Ɗora a Ka

A duk kasuwar Bab Makka ta Jidda babu ɗan dakon da ya kai Abdulghani ƙarfin wuya. Buhun shinkafa biyu yake ɗorawa a ka, ya ratsa kasuwa har unguwar Balad yana gaisawa da mutane, bai ko tallafi kayan da hannu ba. Shi ma ya san haka, kuma in ka manta zai tuna maka.

Mahaifinsa, Malam Usuman, maharbi ne tun a Sudan, kafin ya ƙetaro teku ya yi hajji ya zauna a Jidda. Yanzu tsufa ya cinye masa ido, ya bar masa baki. Shekara uku ke nan yana kwance a unguwar Sharafiyya ya ƙi cin nama, wai akuyoyin Jidda kwali suke ci, namansu ma kwali ne. Da jiki ya ƙara yi masa nauyi, sai ya ce abu ɗaya yake so kafin ya tafi: naman dabbar da igiya ba ta taɓa wuyanta ba.

Abdulghani haifaffen Jidda ne, dajin da ya sani bai wuce filin ajiye manyan motoci ba. Amma yana son tsohon nan, kuma ya gaji da jin ana cewa maharbi ya haifi ɗan dako. Sai ya tafi wajen Saleh, wani mai sayar da zuma daga duwatsun Shafa na bayan Ɗa'ifa, wanda yake yi wa dakon gwangwanaye.

Saleh ya ce, "Akwai wa'al, bunsurun dutse mai ƙaho kamar baka. Amma lokaci ya ƙure, sanyi ya sauka."

Abdulghani ya yi dariya. Shi za a gaya wa sanyi? Shi da yake dakon ƙanƙara zuwa kasuwar kifi? Ya ɗauki mayafi ɗaya, ya zura silifas, suka hau mota ta sabuwar hanyar Hada mai hawa zuwa Ɗa'ifa.

Daga inda mota ta tsaya, tafiyar kwana biyu ce a ƙafa. Saleh ya zuba guzuri da bargo a jakar fata, ya ɗaure ta a baya da igiya, hannuwansa biyu suna sake. Abdulghani ya dube shi da tausayi, ya naɗa gammo, ya ɗora nasa a ka. A hawa dai an lallaɓa, har da ɗan waƙe-waƙe.

Rana ta uku da safe suka fito daga kogon da suka kwana, suka tarar da dutse ya yi fari fat, ruwan salka ya daskare. A nan Abdulghani ya gane cewa ƙanƙarar da ake ɗauka a ka daban take da wadda ake takawa da silifas. Haƙoransa sai kaɗawa suke yi, waƙa kuwa tuni ta koma Jidda.

Wajen hantsi Saleh ya dafa shi, ya nuna can gaba. Ga wa'al tsaye a kan wani falali, iska tana kaɗowa daga wajensa. Saleh ya miƙa masa bindiga, don ai ɗan maharbi ne. Abdulghani ya karɓa, ya auna, amma yatsarsa ta ce ba da ita ba, ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa. Saleh ya zare bindigar a hankali, ya yi bisimilla, ya harba sau ɗaya.

Suka yanka, suka feɗe, suka naɗe naman cikin fatarsa, har da kai da ƙahoni. Saleh ya ce a raba biyu. Abdulghani ya rantse shi kaɗai zai ɗauka. Harbi ya gagare shi, to ga sana'arsa ta zo.

Saleh ya miƙa masa igiya. "Tayyib. Amma ɗaura a baya. Nan ba Bab Makka ba ne."

"Ya shekh, ni ba mace ba ce da zan yi goyo. Yalla, ɗora mini."

Abin da shekara ashirin ta dako ba ta koya masa ba shi ne, mai kaya a ka ba ya duban ƙafarsa. A kasuwa ba ya bukata, mutane ke kaucewa. Dutse kuwa ba ya kauce wa kowa. Suna cikin gangara a wata siririyar hanya, rami a hagu, silifas ta hau ƙanƙara. Ya sami hannu biyu da zaɓi ɗaya, ya rungumi dutse. Naman ya gangara, ya daki nan ya daki can, har suka daina jin ƙararsa.

Saleh ya leƙa ramin, ya daɗe yana kallo. "Masha Allah, ya riga mu sauka. Halas, hadari na tasowa. Wa'al kuma sai baɗi."

Abdulghani ya san tsohon ba shi da baɗi. A kasuwar Ɗa'ifa ya zaɓi cinyar bunsurun da ya fi kowanne tsufa da wari, wai ko taurin zai yi kama da na daji.

Matarsa Bashira ta dafa, aka tayar da Malam Usuman aka jingine shi. Ya kai tsoka baki, ya tauna, ya sake taunawa.

Ya ce, "Daji ya ci gaba. Yanzu har sha'ir ake zuba wa namun dawa a kwano."

Abdulghani ya sunkuyar da kai. Tsohon ya laluba ya kamo hannuwansa, ya shafa tafin da dutse ya sale da yatsun da sanyi ya farfasa.

"Hawa kam ka hau. An samu?"

"An samu, Baba."

"A ka ka ɗora?"

Tsohon bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Shekara arba'in ina sauko da nama daga duwatsu, Abdu. Ga ni nan kwance, taku biyar daga ɗakinka. Amma mai zuma ka je ka tambaya, ni ba ka tambaye ni komai ba."

Da zagi ne da ya fi sauƙi. Kunya ta rufe Abdulghani, ya rasa inda zai sa fuskarsa, ko da yake tsohon ba ya gani. Malam Usuman bai saki hannun ba. Da ɗaya hannun nasa ya jawo kwanon, ya ce wa Bashira ta ƙaro romo, ya cinye naman tas.