Marsiyyar Mai Rai

Da farko Malam Ɗankande ya zaci akuya ce ke susa a jikin ƙofar langa-langa cikin dare. Amma akuya ba ta san karin waƙa ba. Wannan ƙarar kuwa tana tafiya daidai da marsiyyar da ya rera a sadakar bakwai ta wani mahauci a unguwar Sakasaka.

Da ya buɗe, sai ga Abdul-Wadud, shugaban yaran da ake haya su kori mutane daga filaye a unguwar Dungu. Da gindin adda yake kaɗa ƙofar, idanunsa jiƙe da hawaye.

"Baba, baitin nan da ka ce takalman mamaci na jiran sa a ƙofar masallaci, shi ya hana ni barci. Waƙoƙin waya duk hayaniya ce. Kai ne mawaƙi."

Malam ya yi godiya.

"Ina son irinta. Ta Mutawakil, ɗan Barikisu."

"Ai Mutawakil na da rai, yaro. Ɗazu ya gaishe ni."

"Ya ƙi tashi daga filin ubansa. Ni kuwa ba na son mutumin kirki ya tafi ba waƙa. Ba zan taɓa shi ba sai ka gama."

Ya tafi da wayar Malam, ya bar masa wani ƙato mai suna Yazeed, wai ya riƙa yi masa hidima. Katanga ɗaya ce tsakanin Malam da Barikisu, ita ke miƙo masa koko kowace safiya. Yanzu Yazeed ke karɓa. Har masallaci yana gefensa a sahu.

Malam ya ga ba shi da abin yi sai jan waƙa. Ya fara daga kakan Mutawakil mai fataucin goro. Ya yi wa jakin kakan baiti, ya yi wa rijiyar gidansu. Kullum bayan la'asar Abdul-Wadud zai zo ya zauna a ƙasa, ya ajiye adda, ya lumshe ido. Wani baitin ya ce a maimaita, wani ya ce ya yi zaƙi da yawa, a cire.

Ranar Laraba ya ce, "Baba, jakin nan ya isa. Waƙa mai kyau ta san inda za ta tsaya. Jumma'a nake son jin ƙarshe."

Abin da ya fi ci wa Malam rai shi ne ƙarshen ya riga ya zo masa, kuma bai taɓa yin baiti mai kyawunsa ba. Ya danne shi, ya ƙi dannuwa. Ranar Alhamis da safe yana alwala, bai ankara ba sai ya ji bakinsa na rera shi. Yazeed ya miƙe, ya ciro waya zai kira Abdul-Wadud.

Barikisu ta leƙo ta kan katanga da kwanon koko. Ta dubi Malam, ta dubi baƙon.

"Malam, wannan ai karin ta'aziyya ne. Wa aka rasa a unguwa ban ji ba?"