Musabahar Malam Usman

Sista Sabina ta gaji da cewa a gyara sakatar ƙofar ɗakin tiyata. Tun ranar da aka shigo da wasu 'yan sa-kai da aka harba a hanyar Kakangi, masu ɗauke da su suka banke ƙofar da kafaɗa, sakata ta fita da ƙusoshinta. Ta faɗa wa na sama da ita, ya ce a kira kafinta. Kafinta kuwa tuni ya kwashe iyalinsa ya koma Zariya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu nan sai an ɗora wa jaki kaya ake tuna babu akumari.

Ita Sabina a nan Birnin Gwari aka haife ta, iyayenta ne suka zo daga kudancin Kaduna. Mace ce mai tsanani a kan tsabta. Ba ta barin farce, zoben aurenta ma a wuya yake rataye. In ta tsaya wanke hannu kafin aiki, daga yatsu har gwiwa, sai ka rantse fatar za ta saɓule. Takan ce akwai halittu a jikin kowa, ƙanana har ido ba ya kama su, suna ƙarƙashin farce, suna cikin yawu, suna kan riga. A waje ba su cika yi maka komai ba, amma in suka samu ciki a buɗe, sun samu gida. Ta gan su da madubin likita a makaranta, wasu kamar tsabar gero, wasu kamar karan da aka kakkarya. Wanda ya ce zancen banza ne, ya tuna ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A farkon daminar da nake ba ku labari, hanyar Kaduna ta rufe. Motar da za ta kawo magani da kayan aiki tana can tana jiran rakiyar sojoji, mutanen daji kuwa sun zauna a kan titi kamar gadon ubansu.

Da hantsi aka shigo da Abdulfattah daga Kusasu a kan babur, an sa shi tsakiya, mahaifinsa Malam Usman na riƙe da shi ta baya. Abdulfattah magidanci ne, ƙaba ce ta murɗe masa yana cikin watsa taki a gona. Daga gonar suka taho, tsohon ko ruwa bai tsaya sha ba. 'Ya'yansa maza uku ne. An kashe babban a bakin kuyya, an shiga daji da na biyun, har yau ko takalminsa ba a gani ba. Wannan da ke murƙususu shi ne saura.

Likita Enoch ya taɓa cikin, ya dubi Sabina. Ƙaton mutum ne, hannunsa kamar faifai.

"Maman Peculiar, safar hannu nawa gare mu?"

"Taka da tawa."

"Shi ke nan?"

"In kana da wata a aljihu, fito da ita."

"Aljihuna goro ne kawai, shi ma ya bushe. Ɗora tukunya. In muka kai shi yamma, hanjin nan ya mutu."

Ta turara almakasai da sauran ƙarafan a tukunyar tururi, ta jera su a kan tire, ta rufe da kyallen da shi ma ya sha wuta. Ta fito ta samu tsohon a tsaye.

"Baba, ga benci. Ko me ka ji, kada ka tashi."

"To, 'yata."

Ta ce kada ya tashi, amma ba ta ce masa don me ba. Sauri take yi. Ta sa Meshach, mai gadin asibitin, ya tsaya a bakin ƙofa, ta shige.

An yi wa Abdulfattah allurar baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idonsa biyu. Likita ya tsaga, ya kai ga hanjin, ya ce sun zo a kan gaɓa. Ana cikin haka janareto ya fara tari, fitilar da ke kansu ta yi ja. Meshach ya ruga bayan gini don kada ta mutu. Shi ma aikinsa yake yi. A daidai nan likita ya ja hanjin, zuciyar Abdulfattah ta tashi, ya ɗaga murya ya ce, "Wayyo, Baba!"

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙofa ta buɗe.

Sabina ta ga babbar riga, ta ga ƙafafu da takalmi duk busasshen taɓo. Kafin ta buɗe baki tsohon ya zube a gaban likita, ya kama hannunsa na dama da nasa biyu ya damƙe. Hannun rigarsa ya share gefen tire.

"Likita, don girman Allah. Shi kaɗai ya rage min. Amana ce na ba ka."

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane ba. A wurinmu mai roƙo ba ya roƙo da baki kaɗai, sai ya kama hannu. Wanda kuma ya fizge hannunsa daga na dattijo, an san gidan da ya fito ba gida ba ne. Shi ma Enoch a ƙasar nan aka rene shi. Kansa ya san abin da ke faruwa, hannunsa kuwa tarbiyya ta riƙe shi, bai janye ba sai da aka gama riƙo.

"Baba, fita!" Sabina ta daka tsawa. Ba ta taɓa ɗaga wa sa'an ubanta murya ba sai ranar. "Fita, na ce!"

Ya fita da baya yana ba da haƙuri, a zatonsa don ya shigo da takalmi ne.

Sabina ta dubi hannun likita. A kan farar safar ga shatin yatsu, ƙasa-ƙasa, da ɗan koren taki.

"Ba ni safarki," in ji likita.

"Rabin hannunka ba zai shiga ba. Kuma in na tuɓe ta, ta ɓaci."

"Ƙarafan fa?"

"Kafin tukunya ta sake tafasa, sai dai a ɗinke gawa."

"To zuba."

Ta zuba masa aidin a kan safar, ta zuba sifirit mai kashe ƙwayar cuta, ta goge, ta sake zubawa har kwalba ta ƙare. Ta ware ƙarafan da take zaton riga ta taɓa. Amma zato ne. Abin da ido ba ya gani, ta ina za ka ce ka kore shi? Da babu gara ba daɗi. Likita ya mai da hannun nan cikin cikin Abdulfattah, ya gama aikinsa, ya ɗinke.

Da farko kamar an tsira. Abdulfattah ya sha koko, har ya tambayi ko an yi ruwa a Kusasu. Malam Usman ya kawo wa Sabina ƙwan zabi a cikin hula.

"Ki yafe min tsawar da na sa kika yi, 'yata. Tsufa ne."

"Ba komai, Baba."

Ta karɓa, amma ba ta iya ci ba. Kullum da safe sai ta buɗe ɗinkin ta sunkuya tana shinshina, kamar mai neman wuta a jinka.

Sai zazzaɓi ya zo. Bakin ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, ya fara tsatsar da mugunya. Ciki ya taurare kamar ganga. Suka warware zare, suka wanke, suka yi masa allurar da ke gare su, ƙwayar cutar ko gezau. Wadda za ta iya da ita tana cikin motar nan da ke Kaduna. Can ne kuma ake ɗiban mugunya a duba a faɗi sunan ƙwayar da abin da ke kashe ta. Likita ya bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya neman mai zuwa Kaduna, kowa ya ce shi ma yana da 'ya'ya.

Ana cikin haka wata rana Sabina ta fito zubar da ruwan wanki, ta tarar da Malam Usman yana alwala a bakin famfo. Ta tsaya tana kallo. Yana wanke hannu a natse, yana tsefe tsakanin yatsu, bai bar ko lungu ba. Mutum ne mai tsarki, bai taɓa tsayawa gaban Ubangijinsa da dauɗa ba. Ya ɗago ya gan ta.

"'Yata, zo. Ke ba kya ɓoye magana, na ji muryarki ran nan. Me ya shiga cikin yaron nan? An ce aiki ya yi kyau."

"Ƙwayar cuta ce, Baba. Ido ba ya ganinta."

"Daga ina ta zo?"

Ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Farcen sun yi kauri, sun tsattsage da noma.

"In wani ne ya yi mana aike, ki faɗa min. In kuma a wurinku aka yi kuskure, wallahi na yafe tun yanzu. So nake kawai in sani."

Ta san in ta faɗa, gobe wani uban zai ji labari ya zauna a kan benci. Ta kuma san wannan tsohon ba zai sake duban hannunsa ba har ya shiga kabari. Daji ya ci masa biyu, ta ce masa na ukun shi ya ci da kansa?

"Tana ko'ina, Baba," in ji ta. "A iska ma akwai ta."

Ba ƙarya ta yi ba, ba kuma gaskiyar da aka tambaye ta ta faɗa ba. An bar kaza cikin gashinta.

"Allah ke nan," in ji shi. Ya shafa kansa, ya ci gaba da alwala.

Abdulfattah ya cika kafin azahar, washegarin ranar kasuwa. Ba a samu mai kai gawa Kusasu ba, a nan gari aka yi masa sutura. Da aka dawo daga maƙabarta Malam Usman ya biyo ta asibiti ɗaukar tabarmarsa da butarsa. Ya samu likita a baranda, Sabina na gefe.

"Likita, kun yi iyakar yinku. Na gani da idona. Allah ya saka."

Ya miƙa hannu biyu. Enoch ya dube su, ya ba shi nasa. Tsohon ya riƙe ya daɗe, sannan ya saki ya dafa ƙirji, ya saɓa tabarma ya fita neman babur.

Sabina ta koma ciki. An kawo wata mai naƙuda daga Kutemeshi, dangi sun cika baranda, safar hannu kuwa babu ko ɗaya. Ta ja bencin nan ta tokare ƙofar tiyata ta ciki, ta je ta buɗe famfo ta fara wanke hannu.