Ƙwaryar Inna a Cikin Gilashi

Shekara uku ke nan ƙwaryar tana zaune a akwatin gilashi, a ɗaki na biyu na gidan tarihi, tsakanin wani akushi da maburgi. Ta tsage tun daga baki har gindi, an ɗinke ta da baƙin zare. Mai kula da ɗakin ne ya kawo ta. Ta innarsa ce, ya ɗauko a bayan randa, ya ce mata matarsa ke so. Ranar rubuta katin bayaninta abokan aiki suka yi ta dariyar ɗinkin, wai wace mai maƙo ce ta kasa sayen sabuwa. Gogan naka ya taya su dariya, ya ɗauki biro ya rubuta cewa ba a san mai ita ba.

To, rana dubu ta ɓarawo. Inna ta zo ganin likitan ido, ta kafe sai ta ga inda ɗanta ke aiki. Ya yi ta janta wajen tukwane da tabarmi, amma tsohuwar da ake cewa ba ta gani ta hango abinta tun daga ƙofa.

"Wannan ai ɗinkina ne," ta ce. "Da cikin ƙanwarka na yi shi. Ashe nan ka kawo ta?"

Shugaban gidan yana tsaye a gefe, ya zo gaishe ta. Kunya ta rufe ɗan, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Me aka rubuta a takardar nan?" in ji Inna.

Ɗan ya ce, "Sunanki ne, Inna."

Shugaba ya dubi katin, ya dubi mutumin, sai ya mayar da ido kan takalminsa. Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi.

Inna ta ɗora yatsa a kan gilashin, tana bin rubutun a hankali. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin sunanta a rubuce ba, ashe haka yake da tsawo. Ta yi ta sa masa albarka.

"Ɗauke ni hoto da shi," ta ce. "Ka matso rubutun ya fito sosai, ƙanwarka za ta karanta wa mutanen gida."

Ya ciro waya. Ta gyara mayafi, ta tsaya daidai gefen katin tana murmushi.

"Ɗauka mana, ɗan albarka. Me kake jira?"